AMSAR WASIƘUNKU: Su Wane Ne Maƙeran Kwaɗon Da Ke Cikin Wayarka?

 Yau wasiƙu biyu muka ɗauko, ɗaya daga Kankiya, ɗaya daga Kusada, kuma da yake tambayoyin dangin juna ne, sai mu amsa su a zama ɗaya.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai fataucin gero da wake a Kankiya. Ya ce tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 cinikinsa ya koma cikin waya: farashi ta WhatsApp, lambar asusu ta WhatsApp, har shaidar biya. Ɗansa ya gaya masa saƙon a kulle yake tafiya, kuma kwaɗon kyauta ne. Shi ne Alhaji ke cewa banza ba ta kai zomo kasuwa: wa ya ƙera kwaɗon nan, me kuma yake samu?

To Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ka san zaurance, yadda yara kan karkatar da magana don kada na gefe ya gane. To wannan ma zaurance ne, amma na lissafi. Wayarka kan dagula saƙon kafin ya fita, ya bi dogayen ƙarafan sadarwa a dagule, sai ya isa wayar abokin cinikinka a Dawanau sannan ya warware. Kwatancinsa, kowace waya tana raba wa mutane kwaɗonta a buɗe, ta riƙe mabuɗin. Mai son aiko maka da saƙo sai ya sa a akwati ya datse da kwaɗonka. Da zarar ya datse, direban da ya ɗauko akwatin ba shi da hanyar buɗewa.

Maƙeran kuwa, za ka yi mamakin ƙarancinsu. A 1991 wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, ya rubuta manhajar kulle wasiƙa mai suna PGP ya sake ta kyauta. A lokacin dokar Amurka ta sa irin wannan kwaɗo cikin jerin makaman yaƙi, ba a fitar da shi waje sai da izini. Aka yi shekara uku ana bincikensa, sai a 1996 aka rufe maganar ba tare da an gurfanar da shi ba.

A 1997 wani Bajamushe mai suna Werner Koch ya halarci laccar Richard Stallman, jagoran masu fafutukar manhaja ta zama ta kowa. Stallman ya ce tunda su a Amurka doka ta ɗaure musu hannu, to mutanen Turai su ƙera nasu. Koch ya koma gida ya duƙufa, kafin shekarar ta ƙare ya fitar da somin-taɓin abin da ake kira GnuPG. Gwamnatin Jamus ta tallafa da Mark dubu 250 a 1999, daga baya tallafi ya yi ta zuwa yana yankewa. 'Yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a a faɗin duniya suka dogara da kwaɗonsa, alhali shi abin da yake samu a shekara bai wuce kimanin dala dubu 25 ba. Kada ka buga wannan a Naira ka ce ai mai kuɗi ne, Alhaji. A Jamus, ga mai sana'a irin tasa da iyali, cin yau da ƙyar ne. Mutum guda da ya ɗauka aiki ma sai da ya sallame shi don ba abin biya. A 2013 har ya yi niyyar ajiye aikin, sai ga Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke bin diddigin saƙonnin mutane, kuma shi kansa Snowden da GnuPG ya riƙa kulle wasiƙunsa. Koch ya fasa. Sai a watan Fabrairun 2015, da wata 'yar jarida, Julia Angwin, ta buga labarin halin da yake ciki, duniya ta ji kunya. Cikin kwana guda gudummawa ta haura dala dubu 100, kamfanonin Facebook da Stripe kowanne ya yi alkawarin dala dubu 50 a shekara. A 2022 Koch ya sanar cewa aikin ya tsaya da ƙafarsa, masu ba da gudummawa su kai wa wasu mabuƙata.

Kada a ɗauka shi kaɗai ne. Aikin gayya ne sosai. Wani ya gano ɓaraka ya kai rahoto, wani ya rubuto gyara, wani ya fassara bayanin zuwa harshensu, wani aikinsa kawai ya gwada a tsohuwar kwamfuta ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Yawancinsu suna da aikin da ke ciyar da su, wannan sai da dare ko ranar hutu. Abin da suke samu? Suna a cikin 'yan sana'a, wanda kan kai wasu ga aiki mai tsoka, da kuma kwaɗon da su ma suke buƙata. Wasu kuwa aƙida ce kurum, cewa sirrin talaka ma sirri ne.

Amma gayya tana da cutarta, kowa ya san labarin rijiyar unguwa: masu jan ruwa ɗari, masu yasa biyu. Akwai wata manhajar kyauta, OpenSSL, wadda bankuna da kantuna da ofisoshin gwamnati masu yawa a duniya ke kulle hanyar intanet ɗinsu da ita. A daren ƙarshe na 2011 aka shigar da wani ƙari da wani ɗalibi a Jamus ya rubuta, mutum guda ya duba ya amince, ashe da ɗan kuskure a ciki. Ba a gano ba sai a 2014. Ɓarakar, wadda aka laƙaba wa suna Heartbleed, ta shafi kimanin shafukan intanet dubu 500, a Kanada har aka kwashe lambobin shaidar mutum 900 daga hukumar haraji. Da aka waiwaya sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu kimanin dala dubu 2 ce a shekara, kuma mutum ɗaya tak ne ke kansa dare da rana. Nan fa manyan kamfanoni suka haɗa asusu. A ganina abin kunyar na kamfanonin ne da suka shekara suna sha ba su taɓa tambayar wa ke yasa ba.

Na WhatsApp ɗinka kuwa, ƙirar wata ƙaramar ƙungiya ce ta su Moxie Marlinspike da Trevor Perrin, masu manhajar Signal. Sun baje ƙirar a fili, kowane masani ya zo ya gwada ƙarfinta, kuma wannan bajewar ita ce dalilin da ya sa ake yarda da ita. WhatsApp ya gama ɗaura ta a 2016. Sai dai zarginka bai faɗi ƙasa ba, Alhaji. WhatsApp mallakar kamfanin Meta ne, ɗan kasuwa kamarka. Ba ya iya karanta abin da ka rubuta, amma ya san lambarka, da irin wayarka, da lokutan da kake shiga.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wani manomi a Kusada. Ya ce in dai a kulle abin yake, ƙaƙa aka yi aka ƙwace WhatsApp ɗin maƙwabcinsa, aka riƙa roƙon 'yan uwa kuɗin taki da sunansa?

Malam, Allah ya mayar masa da alheri. Galibi irin wannan ba fasa kwaɗo ake yi ba, mabuɗin ake roƙa a ba da. Ɓarawo kan sa lambarka a tasa wayar, kamfani ya turo maka lambobi 6 na tabbatarwa, sai ya bugo maka da murya mai daɗi, wai daga ƙungiyar manoma ko ofishin rabon tallafi, ya ce karanto masa. Kana karantawa, shi ke nan, gida ya zama nasa. Don haka lambobin nan 6, da lambar sirrin katinka na banki, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne. In za ka ciri kuɗi wurin mai POS, danna da hannunka, ka kare da ɗaya hannun. Ka sa yaronka ya kunna maka tabbatarwa mai mataki biyu a cikin WhatsApp, amma kai za ka zaɓi lambar. In kuma saƙon neman kuɗi ya zo da sunan ɗan uwa, buga masa ka ji muryarsa tukuna.

Maƙwabcin naka ya sake shigar da lambarsa a WhatsApp da layinsa a hannu. Sabbin lambobi 6 za su zo masa, yana sa su za a fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya ɗaura tasa lambar sirri, sai an jira kwana 7 kafin a shiga. Kafin nan a bi 'yan uwa a sanar da su, har a masallaci bayan sallar Magariba.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.