Ƙafar Doki, Tattabarun Abuja da Sunayen 'Yan Mazan Jiya

 

An nemi in yi magana a kan kishin ƙasa, ganin cewa a wannan makon ne, ranar 11 ga Nuwamba, aka yi faretin tsofaffin sojoji a kan titin Fifth Avenue. Sai dai da maganar doki zan fara.

A dandalin Union Square akwai mutum-mutumin George Washington bisa doki, wanda aka kafa tun 1856. Ranar da na fara ganinsa, wani abokin karatuna Ba'amurke ya yi mini bayani da cikakkiyar sakankancewa: in dokin ya ɗaga ƙafa biyu, mahayin a fagen fama ya mutu, in ƙafa ɗaya ce, rauni aka yi masa, in duk huɗun suna ƙasa, a shimfiɗarsa ajali ya same shi. Labarin ya yi mini daɗi har na kai shi gaba. Daga baya na lura dokin Washington ƙafa ɗaya ya ɗaga, alhali ba a taɓa yi wa mutumin rauni a yaƙi ba, kuma ciwon maƙogwaro ne ya yi ajalinsa a gidansa a 1799. Ashe ƙa'idar nan ƙanzon kurege ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a Amurka tatsuniyar tana zaune ne a gefen rubutaccen tarihi, duk mai so ya je ya duba. Mu a gida sau da yawa tatsuniyar ce kaɗai ta rage.

Ku tuna 15 ga Janairun 2021 a Abuja. Shugaba Buhari ya buɗe kejin fararen tattabaru a bikin tunawa da 'yan mazan jiya, tattabarun suka ƙi tashi. Kwana da kwanaki ana fassara: wannan ya ce ishara ce ga mulki, wancan ya ce jinin bayin Allah ne ya hana su. Ni ma na tofa nawa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma a cikin duk wannan cece-ku-cen ban ji wanda ya tambayi sunayen sojojin da aka taru domin su ba.

Kuma sunayen ba nisa suka yi mana ba. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san Barikin Chindit, ɗan Kaduna ya san Kalapanzin, na Legas ya san Dodan da Arakan da Myohaung. Muna faɗinsu kamar sunayen tashar mota, alhali duk daga Yaƙin Bama suka samo asali. Kalapanzin kogi ne a yankin Arakan na ƙasar Bama. Myohaung gari ne da sojojin Afirka ta Yamma suka karɓe daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Chindit kuwa sunan rundunar musamman ce ta Janar Orde Wingate, wadda aka jefa a bayan layin abokan gaba a 1944, kuma akwai bataliya uku ta 'yan Nijeriya a cikinta. Runduna ta 81 da ta 82 da muke da su yau a Legas da Enugu, lambobin rundunonin da suka je Bama suka gada. Harshen barikin a wancan zamani Hausa ne, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. A Lokoja akwai bariki mai sunan Chari Maigumeri, mutumin da ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, ya koma wajensu, ya yi musu yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

Na san abin da wasunku ke rayawa, domin mun sha yin wannan muhawara: ina ruwan kishin ƙasa da wanda ya yi wa ɗan mulkin mallaka yaƙi? Tambaya ce mai nauyi, musamman da yake sojojin haya daga cikinmu ne suka ɗauki bindigar da aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba na neman a wanke wannan. Abin da nake cewa, manomin da aka ɗauko daga ƙauyensa, wani da son ransa, wani bisa tilascin hakimi, aka kai shi dajin da bai taɓa jin sunansa ba, ɗanmu ne. In mu ba mu rubuta shi ba, wanda ya aike shi ma bai cika rubuta shi ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, akasarinsu 'yan gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa.

Kada kuma mu ɗauka Amurka ta tsira. Ku hau jirgin ƙasa zuwa Harlem, a mahaɗar Fifth Avenue da titi na 142, za ku ga dutsen tunawa da rundunar baƙaƙen fata ta 369. Gwarzonsu Henry Johnson ya mutu cikin talauci a 1929, sai a 2015 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasar. Jinkirin ya yi yawa, amma akwai waɗanda suka riƙe sunansa da takardunsa shekara tamanin da shida, suna ta bugun ƙofa har aka buɗe.

Mu wa ke riƙe da namu? An mayar da ranar tunawarmu daga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu saboda ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kowace shekara ana maƙala baje a ƙirji, a ajiye furanni. A shekarun nan kuma tsofaffin sojoji sun sha yin zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Bayan harin Metele a Nuwamban 2018, sai da aka yi ta jayayya a kan ko mutum nawa aka kashe. Mun san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya kwanta dama a Malam Fatori a 2016, Allah ya jiƙansa. Ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi a daren, mutum nawa a ɗakin nan zai iya ambaton ko ɗaya daga cikinsu? Ni dai ba zan iya ba.

A unguwarmu akwai wani tsoho da muke kira ɗan Bama. Yara muna cewa yana da layar da ke mayar da harsashi ruwa, muna leƙensa daga nesa. Ya rasu ina aji biyu a sakandare, ban taɓa zama na tambaye shi bataliyarsa ko sunan kogin da ya haye ba.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiya. Cikinmu akwai masu nazarin tarihi, akwai masu aikin kwamfuta, kuma kusan kowa na zuwa gida hutu. A buɗe rajista: duk wanda ke da kaka ko kawu ko ƙane da ya yi Bama, ko Kwango, ko basasa, ko Laberiya, ko Sambisa, ya kawo cikakken suna, da gari, da lambar soja in akwai, da hoton takardar sallama in tana cikin adakar gida. Wanda yake da rai a naɗi muryarsa da waya, da izininsa. Na riga na yi wa mahaifiyata waya ta tambayar mini sunan tsohon nan na yanka a wajen jikokinsa, da shi zan buɗe shafin farko.