A Ƙarƙashin Fikafikansa: Jawabi Domin Lokacin Azumi

 

Mun shiga lokacin azumi na kwana 40. Yana farawa ran Larabar Toka, ya ƙare a jajibirin Ista. Wanda ya ƙirga a kalanda zai sami kwana 46, gama ba a lissafa ranakun Lahadi shida, domin kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce. Mun san ba dukanmu ke kiyaye shi iri ɗaya ba. 'Yan Katolika da Angalikan da Lutaran suna da tsarinsa a littafin sujada, waɗansunmu kuwa sun girma ba su taɓa ganin an shafa wa kowa toka a goshi ba. Ba mu zo gardama kan toka ba. Yesu ya yi kwana 40 a jeji yana azumi, wannan kuwa namu ne duka.

Karatunmu Zabura 91 ce. Da yawa cikinmu sun haddace ta tun suna makarantar Lahadi. Tana kiran Allah mafaka da kagara, tana kwatanta shi da tsuntsu mai rufe 'ya'yansa da fikafikai. Mu da muke zaune tsiraru, inda samun filin gina majami'a yakan ci shekaru, inda wani yakan rage murya in zai faɗi sunansa a kasuwa, ba sai an koya mana son wannan zabura ba.

Amma ku buɗe Matiyu sura 4. Wane ne ya fara jawo wannan zabura a jejin? Iblis ne. Ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya dira, ya karanto masa aya ta 11 da ta 12, inda aka yi alkawarin tsaron mala'iku. Yesu ya ƙi, ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a 6:16, wadda ta hana a gwada Allah. Ashe ana iya riƙe aya ta gaskiya a yi aikin ƙarya da ita. Muna faɗin wannan ne domin mun ga gidajen da ake buɗe Littafi Mai Tsarki a Zabura 91, a ajiye a gaban mota ko ƙarƙashin matashin kai, shekara ta zagayo ba a karanta ba. Wannan laya ce, 'yan'uwa, ko da an sāke mata fata. Kakanninmu sun ƙone layunsu sa'ad da suka tuba, bai kamata mu ɗinka sababbi da takardar Littafi ba. Haka kuma saurayin da ke tsokanar maƙwabta da baki yana cewa Allah zai tsare shi. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, sai dai a wurinmu ruwan yakan doki unguwa duka.

To, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Ran 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyar EYN. Ranar Litinin ce ta Mako Mai Tsarki, saura kwana shida Ista. Iyayensu masu addu'a ne. A watan Janairu 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika. A faifan da masu garkuwa da shi suka fitar, ya ce bai karaya ba, domin kowane hali mutum ya sami kansa yana hannun Allah. Cikin watan nan aka kashe shi. Shin fikafikan nan ba su kai Chibok da Michika ba?

Ba mu da amsar da za ta share hawayen uwa, kuma fasto da ya ce yana da ita, ku yi hankali da shi. Abin da muke da shi shi ne abin da Yesu ya yi da wannan kwatanci. A Matiyu 23:37, kwanaki kaɗan kafin gicciye, ya yi kuka a kan Urushalima, ya kwatanta kansa da kaza mai son tattara 'yan tsakinta. Bai ce zaki ba, bai ce gaggafa ba. Duk wanda ya girma a ƙauye ya ga abin da kaza ke yi in shirwa ta kawo sura. Ba ta da makami. Takan yi ƙara, ta baza fikafikai, ta sa bayanta tsakanin faratan da 'ya'yanta. Shirwar ba ta fasa zuwa, amma bugun a kan uwar yake sauka. Abin da ya faru ran Juma'ar gicciye ke nan. Shi da ya ƙi dirowa daga Haikali, ya kuma ƙi saukowa daga gicciye.

Saboda haka Bulus a Romawa sura 8 ya jera ƙunci, tsanani, yunwa, hatsari da takobi. Bai ce ba za su zo ba. Ya ce ba za su iya raba mu da ƙaunar Almasihu ba. Shi kansa takobin ne ya same shi a Roma. Mun gaskata Andimi bai fita daga ƙarƙashin fikafikan nan ko na minti ɗaya ba, kuma mun gaskata da tashin matattu, in ba haka ba da wannan magana banza ce.

Sau da yawa kuma mafakar Allah takan zo da ƙofa da mai buɗe ta. A Joshuwa sura 20 an keɓe birane shida na mafaka, uku a kowane gefen Urdun, domin mai gudu ya sami na kusa. A watan Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Waɗansunmu ba sa son a ambaci wannan a majami'a. Mu kuwa muna ganin Allahn da ya kira Sairus, sarkin Farisa, shafaffensa, yana da ikon zaɓen ƙofar da ya ga dama. A 2025 azumin Ramadan ya riga namu da kwana huɗu kacal. Nawa cikinmu suka kai wa maƙwabci ko da ƙwaryar kunu ta shan ruwa?

Ishaya sura 58 ta ce azumin da Allah yake so ya haɗa da raba abinci da mayunwata da shigar da marasa gida cikin gida. Kusan kowace ikilisiya da ke wakilta a nan tana da gwauraye da marayu, da iyalan da suka baro gonakinsu suna kwana a ajin makaranta ko ɗakin ɗan'uwa. Muna roƙon kowace ikilisiya, kafin Lahadin Dabino, dattawa su rubuta sunayen irin waɗannan gidaje, Zumuntar Mata kuma ta ajiye buhu a ƙofar majami'a. Mudun masara ko dawar da ba a tuƙa ba saboda azumi, a zuba shi a ciki, a raba kafin Ista, kada a tambayi mai karɓa ko wace ɗarika yake.

Yanzu bari mu tashi tsaye. Za mu fara addu'a domin waɗanda ke hannun masu garkuwa, da iyayen da ke jiransu.