Yaron da Aji Bai Ɗauke Shi Ba: Karatun Gida a Ƙasar Noman Rani

Laccar da aka gabatar a gaban taron iyaye da malaman firamare a Kura

Na san akwai waɗanda suka bar ban-ruwa a hannun yara don su halarci wannan zama, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

A kowace unguwa daga nan Kura zuwa Bunkure da Garun Malam akwai gidan da ke da yaron da ba a cika ganinsa a waje ba. Maƙwabta sun san da shi, amma ba a tambayar lafiyarsa. Wani ya kai shekara biyar bai buɗe baki ya ce Inna ba. Wani bakinsa garau, amma ya shekara uku a aji bai iya haɗa baƙi biyu ba. Wani kuma ba ya iya zama wuri ɗaya ko da na tsawon shan kofin koko ne. Mun riga mun raba musu sunaye: wannan gaɓo, wancan daƙiƙi, na ukun ɗan ƙiriniya. Idan abin ya yi tsanani sai a ce shafar aljanu ce, ko a rage murya a ce ɗan ruwa ne. Ni uban ɗaya daga cikin waɗannan yara ne, kuma marubuci, shi ya sa aka nemi in yi magana.

Masana sun daɗe da gane cewa ƙwaƙwalwar wasu yara tana aiki ta wata hanya dabam da ta yawancin mutane. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yaran da ba sa son haɗa ido, suke maimaita abu ɗaya, kuma sauya musu tsarin da suka saba yake tayar musu da hankali. Shi ne otizim, wanda a rediyo kukan ji ana sa shi cikin abin da ake kira galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi, kuma tun 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya take ware 2 ga Afrilu don wayar da kai a kansa. Yaron da baƙaƙe ke rikice masa kuwa, disleksiya ke damunsa, ba rashin basira ba. Ku duba abin da muke ɗora masa: b da d da ɓ da ɗ, baƙaƙe huɗu masu kama da juna, da safe ya karanta daga hagu zuwa dama, da yamma a makarantar allo daga dama zuwa hagu. Yawancin yara suna haye wannan ba tare da sun lura ba. Shi kuwa nan yake tsayawa, bulala ta same shi.

Dole in bambanta abu biyu. Akwai lahanin ƙwaƙwalwa da ake iya karewa: shawarar jarirai da aka bari ta yi ƙarfi, doguwar naƙuda, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda mu da muke kwana kusa da ruwa rani da damina mun fi kowa saninsa. Waɗannan asibiti ake kai su da gaggawa. Otizim kuwa da shi ake haihuwar yaro, gado yana da hannu babba a ciki, kuma ba laifin uwa ba ne. Ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Wannan zance ya samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya rubuta. Mu Kanawa mun ga yaran da shan-inna ta naƙasa bayan an dakatar da rigakafi a 2003, kada mu sake wannan asara.

To, ina ake kai irin wannan yaro? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatun shekara tara kyauta. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ƙara ƙarfafa wannan. A cikin birni akwai makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi, Jami'ar Bayero tana da sashen horar da malaman ilimi na musamman, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. Amma duk waɗannan suna Kano, mu kuma muna nan. Malaminmu na ƙauye yana tsaye gaban yaran da suka cika aji har bakin ƙofa, da alli ɗaya a hannu. Ban ga laifinsa ba idan ya kasa tsayawa kan yaro ɗaya da ya toshe kunnuwansa yana kuka saboda hayaniya.

Haka ɗana ya dawo gida. Abin da na zo faɗa muku shi ne, zaman yaro a gida iri biyu ne. Akwai wanda aka zaunar don a ɓoye shi, kada dangin miji su gani, kada a ƙi auren 'yan'uwansa mata. Akwai kuma wanda aka zaunar don a koyar da shi. Daga waje duk ɗaya suke, ƙofa ce a rufe. Amma na farkon zalunci ne, na biyun kuwa makaranta ce, kuma ya kamata gari ya ɗauke ta a matsayin makaranta, ya taimaka mata.

Karatun gida ba baƙon abu ba ne gare mu, ko da yake a yau ana jinsa kamar abin Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da mata malamai da ake kira jaji, suna bin ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu. Malaman zaure har gobe suna biya wa kowane ɗalibi karatunsa shi kaɗai, wannan yana Ahalari, wancan yana Risala, ba wanda ake jira, ba wanda ake kora. A 2020 da korona ta rufe makarantu, kowane gida mai rediyo ya ɗanɗana wannan aiki. Kuma ku manoma kun fi ni sanin dalilinsa. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ɗaya ne yake gangarowa ta Ruwan Kanya zuwa gonakinmu, amma ba wanda yake shayar da jigawa yadda yake shayar da laka. Wata gonar kaɗan-kaɗan take so, a kai a kai. Haka ɗana yake da karatu.

Shugabar makarantarmu ta gida mahaifiyarsa ce, Allah ya saka mata da alheri. Tana turara shinkafa kamar yawancin matan garin nan, kuma a tsakanin tukunya da shanya take koyarwa. Ita ta fara lura cewa ba ya riƙe abin da aka faɗa masa, amma abin da ya gani da ido ya zauna. Sai ta zana masa ranarsa a jikin kwali: buta, tabarmar salla, kwanon koko, allo, littafi. Idan an gama abu ya je ya taɓa hoton da ke biye. Kukan safe ya ragu ƙwarai, domin ya san abin da zai zo. Ƙirga da kwanon awo ya koye ta, yana zuba shanshera a buhu. Baƙaƙe kuwa a ƙasa ya fara rubuta su da yatsa, manya-manya, kafin ya yarda ya riƙe fensir. Karatun ba ya wuce ɗan lokaci, sai a tashi, sai a dawo. Ranar da dare bai yi masa daɗi ba, a haƙura.

Kada in yi muku daɗin baki: aikin yana da nauyi. Akwai daren da ba a barci. Akwai bikin da uwa ba ta zuwa, har a ce ta yanke zumunci. 'Yan'uwansa suna ganin kamar an fi son sa. Ina roƙon 'yan'uwana maza, musamman lokacin dashe da yankan shinkafa da muke fita tun asuba mu dawo bayan magariba, mu riƙa karɓar yaron ko na sa'a ɗaya, mu fita da shi masallaci ko bakin gona, ita ma ta numfasa. Ɗana a gona na gano abin da ya fi ni iyawa. Idan ana zaɓen tumatir, idonsa ba ya tsallake ƙwayar da tsutsa ta huda. Wanda ya tuna ɓarnar da tsutsar nan ta yi mana a 2016 ya san darajar irin wannan ido. A Amurka akwai wata mata mai otizim, Temple Grandin, wadda ta makara wajen fara magana, yau farfesa ce a fannin kiwo, kuma hanyoyin bi da shanu da ta tsara ana amfani da su a mahautai da yawa na ƙasar. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, wasu har abada sai an kula da su, kuma darajarsu ba ta ragu ba saboda haka. Amma ba za a san abin da ke cikin yaro ba sai an gwada shi.

Fim ma ya shiga manhajarmu. Mutanen Kano sun daɗe da son fim ɗin Indiya, kuma da yawanku kun ga Taare Zameen Par na 2007, inda Aamir Khan ya fito a malamin zane da ya gane cewa yaron da iyayensa suka tura makarantar kwana don horo disleksiya ke damunsa. Na kunna wa wasu dangi wannan fim, ya yi mini bayanin da bakina ya kasa yi. Shi kuma yaron, da fim yake koyon karanta fuska. Mukan kalli Daɗin Kowa tare, in tsayar da hoton in tambaye shi: wannan fushi take yi ko mamaki? Abin da sauran yara suke tsinta a banza, shi sai an koya masa kamar darasi. Sai dai waya kaifi biyu gare ta. Idan aka miƙa masa don a huta, zai wuni yana maimaita minti ɗaya, kuma wannan ba karatu ba ne.

Ina da kuka ga abokan sana'ata na Kannywood. Tun Turmin Danya a 1990 masana'antar nan take shiga gidajen Hausawa fiye da kowane littafi. Amma sau da yawa idan aka fito da mai in'ina ko mai jinkirin fahimta, don a yi dariya ne. Washegari yaran unguwa sun samu sabon sunan da za su kira ɗan wani da shi. Ba na cewa a daina barkwanci. Ina cewa a ba irin wannan mutum uwa da ke son sa, da sana'a, da ranar da shi ne ya yi daidai sauran suka yi kuskure.

Rubutu kuwa ya yi mana aiki biyu. Littattafan da ke kasuwa sun yi wa ɗana tsawo, sai na riƙa rubuta masa gajerun labarai, jimla ɗaya a shafi, a kan abin da ya sani: injin casa, kwandon tumatir, motar Kwanar Gafan, da shi kansa a ciki. Idan za mu je aski ko asibiti, sai in rubuta masa yadda tafiyar za ta kasance tun kafin a fita. Na biyu, mahaifiyarsa tana da littafin da take rubuta abin da ya faru kowace rana: me ya ci, me ya tayar masa da hankali, wace kalma ya faɗa. Da muka je gaban likita wannan littafi ya fi bakinmu amfani. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko ta naɗi murya a waya. Wadda take ganin lokacinta ya wuce ta tuna Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da aka cire daga makaranta tana ƙarama, ta koma karatu tana babba, ta zo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne.

Ga shugabannin makarantu, roƙona kada ku share sunan yaron daga rajista. Ku bar shi ya riƙa zuwa ko na sa'a ɗaya, lokacin da aji ya lafa, ya zauna gaba kusa da ƙofa, domin gida ba ya iya ba shi abokai. Ku ba uwarsa manhajar zangon, wani malami ya riƙa leƙa su. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Mu nemi a turo wa kowace ƙaramar hukuma malaman da suka karanci ilimi na musamman, masu zagayawa gida-gida.

Roƙo na ƙarshe ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ne, da duk mai gona a bakin kanal. Yara masu otizim da yawa ruwa yana jan su, sukan fice daga gida ba sallama, ba sa gane haɗari, wasu ko an kira sunansu ba sa amsawa. A ƙasashen da ake bin diddigin abin, nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka ɓace daga gida. Mu kuwa kanal ta ratsa ta bayan katangunmu, gefenta siminti ne mai santsi, ruwanta yana gudu. Iyaye su sa sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai, su daina zuba maganin feshi a robar lemo, su kuma sanar da maƙwabta halin ɗansu, kunya ba ta kai rai ba. Mai unguwa ya san gidajen. Idan aka ce irin wannan yaro ya ɓata, kafin a je kasuwa ko tasha, a fara rarraba mutane bakin ruwa, wasu su bi sama wasu su bi ƙasa har zuwa ƙofar da ake datse shi.