Laftof Mai Juyawa da Kuɗi Kaɗan: Me Za Ka Duba Kafin Ka Biya?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa ɗalibai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara a nan Talata Mafara, da na Kwalejin Noma ta Bakura, da mutanenmu na Maradun. Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya.

Yau maganar laftof za mu yi, musamman irin marar nauyin nan mai juyawa, wadda ake lanƙwasa fuskarta ta koma baya gaba ɗaya ta zama kamar allo, kana taɓawa da yatsa ko kana rubutu da alƙalaminta. A kasuwa za ka ji ana ce mata x360. Kamfanin Lenovo ne ya yayata wannan ƙira da Yoga ɗinsa a 2012, daga nan sauran kamfanoni suka bi.

Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu sai maganar laftof? To ai ita ma matsala ce. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Furojet na ƙarshen karatu da kwamfuta ake yin sa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 don koya wa matasa sana'o'in fasahar zamani, mai bin sa ta waya kaɗai ya san wuyar da yake sha. Sannan kuɗin da ake sayen laftof a gidajenmu mun san daga inda suke fitowa. Buhunan shinkafa ne da aka noma a fadamar Bakolori, ko ragon da uwa ta yi wata shida tana kiwo, ko kwasar adashi. Ga dala kuma: kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta. Don haka mafi yawanmu sau ɗaya za mu saya, kuma ita za mu riƙe har a gama karatu. In an yi kuskure, babu rago na biyu.

Tambaya ta farko da za ka yi wa kanka: shin ina bukatar juyawar nan kuwa? Domin juyawar kuɗi ce. In ka ɗauki laftof biyu masu ƙarfi ɗaya, mai juyawar ta fi tsada, kuma in gilashinta ya fashe, canza shi ya fi na talakawar laftof tsada da wuyar samu. Tana da amfani ga mai karanta littattafan PDF da yawa, da mai zane, da malamin da ke nuna wa ɗalibai abu, da mai aikin tattara bayanai a ƙauyuka wanda yake cike fom a tsaye. Amma in aikinki, 'yar'uwa, buga rubutu ne da lissafin Excel, ki ɗauki kuɗin juyawar ki ƙara a kan batir mai kyau. In don a gan ka kana lanƙwasa ta a aji ne, wallahi bayan sati biyu ka daina.

To ka yanke cewa mai juyawar kake so. A kasuwa, ko a Gusau ne, ko Sakkwato, ko titin Beirut a Kano, kala biyu za a nuna maka a ƙaramin farashi.

Kala ta farko ƙanana ne masu inci 11, masu kyan gani, waɗanda aka ƙera don yaran makaranta a Amurka da Turai. A jikinsu za ka ga an rubuta Celeron ko Pentium, RAM 4GB, ma'ajiya 64GB irin wadda ake kira eMMC. Ita wannan ma'ajiyar a manne take, ba a cirewa balle a ƙara, kuma Windows kaɗai zai cinye kaso mai yawa a cikinta. Ka buɗe Chrome da Word tare, sai ta fara nishi. Ɗalibin injiniya da zai sa AutoCAD kada ma ya kalle ta. Wasunsu kuma Chromebook ne, waɗanda ƙarfinsu yana kan intanet. Mu da muka ga Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara aka yi makonni babu sabis, mun san cewa na'urar da za mu dogara da ita dole ta iya aiki ko babu intanet.

Kala ta biyu su ne na hannu da manyan kamfanonin waje suka yi amfani da su a ofis suka sallamar, waɗanda ake kira tokumbo. Nan ne shawarata take. An ƙera su don wahala, kuma da yake sun yi yawa a kasuwa, masu gyara sun san su, ana samun kayansu. Misali akwai HP EliteBook x360 1030 G3, da Dell Latitude 5300 mai juyawa, da Lenovo ThinkPad L390 Yoga, da ThinkPad X1 Yoga zubi na uku. Dukkansu nauyinsu tsakanin kilo 1.2 ne zuwa 1.6. In kana son ka ji nauyin a hannunka, ɗauki ledar fiya wata uku, kilo ɗaya da rabi ke nan. Manyan nan masu inci 15 sukan kai kilo biyu ko fiye kafin ka haɗa da caja. Wanda ke hawa babur kullum da jaka a baya daga Bakura zuwa Mafara zai gane bambancin.

Yanzu ga abubuwan dubawa, ku saurara da kyau.

Na ɗaya, zubin ƙwaƙwalwar. Mai shago zai ce maka, "Ai Core i7 ce." Kada wannan ya ruɗe ka, ka tambayi zubi na nawa. Lambar da ke bin bayan sunan ita ke faɗa: i5-8250U zubi na takwas ce, i7-6600U zubi na shida. Kuma i5 ta takwas ɗin nan ta fi i7 ta shidan ƙarfi, don ita cibiyoyin aiki huɗu gare ta, waccan biyu. Ga wani dalili: ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas yake farawa a mafi yawan na'urorin Intel. Akwai masu dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, saboda haka ganin sa a fuska ba hujja ba ce. Lambar za ka duba. A kula, EliteBook 1030 G2 da G3 kusan kamarsu ɗaya, amma G2 zubi na bakwai ce.

Na biyu, RAM kada ya gaza 8GB. A nan akwai abin da ba kowa ke faɗa ba: da yawa daga cikin siraran nan RAM ɗinsu a manne yake. EliteBook 1030 da X1 Yoga yadda ka saye su haka za su zauna. L390 Yoga da Latitude 5300 kuwa ana iya ƙara masu daga baya. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan babban abu ne, ka sayi 8GB bana, in Allah Ya hore baɗi ka ƙara.

Na uku, ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla 256GB. Ta fi tsohon faifai sauri nesa ba kusa ba, kuma babu abin da ke juyawa a cikinta, don haka girgizar babur a hanyoyinmu ba ta cika yi mata illa ba.

Na huɗu, kuma a wurina shi ne uban duka a wannan yanki namu: batir. Kowa ya san halin wuta. Laftof ɗin da ba ta riƙe caji ta zama talabijin, sai inda soket yake. Kada ka yarda da "tana yin awa shida" a baki. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takardar bayanin batirin. Ka nemi layi biyu, Design capacity da Full charge capacity. Na farko shi ne abin da batirin ke ɗauka yana sabo, na biyu abin da yake ɗauka yau. In na farko 50,000 ne na biyu 25,000, rabin batir ake sayar maka. Ni dai in ya gaza kashi 70 cikin ɗari, ko a rage kuɗi ko a canza shi. Sannan ka zaɓi wadda ake caji ta USB-C. Fawa banki mai 20,000mAh wanda ke fitar da wat 45 ko 65 zai iya cika irin wannan laftof kusan sau ɗaya, shi kuma ka caja shi a shagon mai sola. Amma ka duba wat ɗin, don na waya na gama-gari ba ya iyawa.

Na biyar, hinji da gilashi. Hinjin nan da ke haɗa fuska da gangar jiki shi ne ke shan wahala a mai juyawa. Ka lanƙwasa ta har ƙarshe sau da yawa a gaban mai shago. In ka ji ƙara, ko fuskar tana rawa, ko ka ga tsagewa a gefen hinjin, ajiye ta. Ka buɗe Paint ka ja layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, duk inda layin ya yanke, wurin ya mutu. Ka gwada kowane madanni, da kyamara, da lasifika. Alƙalami kuma ka tambaya ko yana ciki, don sayen sa daban wani kuɗin ne.

Na shida, kulle. Tunda daga kamfanoni suka fito, wasu na zuwa da kalmar sirri a BIOS, wasu kuma da zarar an sake sa Windows aka haɗa da intanet sai su nemi ka shiga da asusun kamfanin da ya mallake su. Ka sa mai shago ya shiga BIOS a gabanka: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri kuma bai sani ba, ciniki ya tashi.

Sai maganar kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, don na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba. Ka tambayi shago uku kafin ka taya. Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan na'urar, ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma don jaka mai soso, da caja ta asali, da abin da ka iya tasowa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, kuma a rubuta kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya a kai. Rasit ɗin nan ba don gyara kaɗai ba ne: shi ne shaidarka in an tsayar da kai a hanya, kuma shi ke raba ka da kayan sata. In ka ga laftof a farashin da hankali bai ɗauka ba, ka tuna araha ba ta ado.

Ga waɗanda zuwa Kano zai yi wa nauyi, ga kuɗin mota ga halin hanya, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku wakilta mutum ɗaya da ya san kan abin, ku rubuta masa waɗannan abubuwa shida a takarda. Mai sayen biyar a lokaci ɗaya yana da bakin neman ragi. Kuma kada a tura wa wani kuɗi don kawai an ga hoto a Facebook ko WhatsApp.

In kun samu, a kula da ita. Zafin bazararmu maƙiyin batir ne, kada a bar ta cikin mota ko a rana, kada a ɗora ta a kan katifa tana aiki don kafofin iskarta na toshewa. Lokacin hunturu kuma a rinƙa rufe ta saboda ƙura. Furojet ɗinka ka ajiye kwafinsa a filas, ka kuma tura wa kanka ta imel duk ranar da ka samu sabis.

Iyaye da yayye masu saurare, ku ne ke fitar da kuɗin, kuna da haƙƙin tambaya. Ko ba ku san kwamfuta ba, ku ce wa yaron: zubi na nawa ce, batirin kashi nawa ya rage, ina rasit? In ya amsa ukun nan, ya yi bincike. In ya fara kame-kame, a dakata tukuna.

A nan za mu tsaya. Duk wanda ya san ɗalibin da ke shirin saye, ya tura masa wannan shiri. Allah Ya sa albarka a abin da za a saya, Ya ba mu zaman lafiya a Mafara da Bakura da Maradun da Zamfara baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.