Jawabin Magatakarda a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya: Kayan Marmari a Bakin Iyaka

An ba ofishin magatakarda ɗan lokaci, kuma za mu yi amfani da shi a kan masu kayan marmari, domin su ne suka fi kawo ƙara ofis a bana.

Mai gero ko atamfa, in an tsare motarsa kwana uku a iyaka, kuɗin abinci da na direba kawai zai yi asara. Mai mangwaro kuwa uwar kuɗinsa ce ke ruɓewa yana kallo. Kayan da aka ɗauko daga kasuwar 'Yanlemo a Kano, aka bi ta Katsina da Jibiya za a sauke a Maraɗi, ya riga ya sha rana tun kafin ya iso Magama. Lemon Binuwai ma ya yi kwanaki a hanya kafin ya shigo Kano. Saboda haka duk abin da za a iya gamawa kafin mota ta tashi, a gama shi.

Na farko shi ne takardar shaidar lafiyar tsirrai. Ƙasar da kaya ya fito ita ke bayarwa bayan jami'inta ya duba. A Najeriya hukumar NAQS ce, a Nijar kuma ma'aikatan kare tsirrai. A nemi jami'in ya ga kaya tun ana lodi, kada a bari sai an je layi a bakin iyaka. A riƙe ta asali mai hatimi. Abin da aka rubuta a ciki kuma ya zo daidai da abin da ke cikin mota: in takarda ta ce lemo, aka tarar da kwandunan abarba a ƙasa, an ba su dalilin sauke kaya gaba ɗaya.

Wasunmu na ganin takardar nan neman kuɗi ce kawai. Akwai dalili a bayanta. Ƙudan mangwaro yana huda fatar ɗan itace ya saka ƙwai, waje sumul, ciki tsutsa. Saboda shi ake tsare mangwaron Afirka ta Yamma a tashoshin Turai. Mu ma yana cinmu, don dillalin da ya yanka ɗaya ya ga tsutsa zai karya farashin motar duka. Ku gaya wa masu lambu kada su tsinto wanda ya faɗo ƙasa su cika kwando da shi.

Game da haraji, a tsarin cinikin ECOWAS amfanin gona da aka noma a yankin ba a biya masa kuɗin fito. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da bin tsarin har sai an sanar da wani abu. A watan Maris na shekarar, ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Duk abin da kuka biya, ko naira ko sefa, ku karɓi rasit. Wanda aka bayar ba rasit, ofis ba shi da abin da zai nuna in ya je bin kadi.

Sai lodi. Nunanniyar ayaba tana fitar da wata iska da ke nunar da abin da ke kusa da ita, kankana kuma lalacewa take yi, don haka kada a haɗa su. Tampol ɗin leda yana sa kaya gumi, gara ciyawa ko tabarma, a bar wa iska hanya. A yi lodi da yamma, a lissafa tafiya yadda za a iso iyaka da safe, ranar aiki. Masu nunar da kaya da kabayid kuwa, NAFDAC ta hana, kuma ƙungiya ba za ta tsaya wa wanda aka kama da shi ba.

Abin da ya fi ɓata zumunci tsakaninmu shi ne: in kaya ya ruɓe, asarar wa? Mun gani lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun sake gani daga 2023 zuwa Maris 2024. Mai kaya ya ce direba ya yi jinkiri, direba ya ce shingaye ne, mai saye ya ce bai ga kaya ba balle ya biya. Mutanen da iyayensu suka yi fatauci tare sun daina gaisawa.

Kwamiti ya shirya takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci da Faransanci. Za a rubuta irin kaya, yawan kwanduna, ranar tashi, kuɗin mota, da wanda zai ɗauki asara in an tsare mota fiye da kwana biyu. Wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu. Daga lokacin mangwaro mai zuwa, ƙarar da ba ta zo da wannan takarda ba, ofis ba zai zauna a kanta ba. Takardun suna kan teburin ma'aji, kyauta ne, kowa ya ɗauka kafin a watse.