Zaɓen Riga-kafin Cutar Kwamfuta a Wurin Kasuwanci

Wannan jawabi ya shafi 'yan kasuwa, da masu manyan kantuna, da shugabannin kamfanoni waɗanda ke da kwamfutoci da dama a haɗe da juna. A zamanin nan lissafin ciniki, da sunayen waɗanda ake bi bashi, da albashin ma'aikata, duk sun tashi daga babban littafin akawu sun koma cikin kwamfuta. A da, ɓarawon da ke son littafin sai ya fasa ƙofa. Yanzu yana zaune a wata ƙasa mai nisa zai aiko da wasiƙa ta imel, akawu ya buɗe, shi ke nan ya shigo.

Abin da ake kira cutar kwamfuta ba wani abu ba ne illa manhajar da wani mugu ya shirya. Iri-iri ce. Akwai mai satar kalmar sirrin banki, akwai mai bin haɗin kwamfutoci da kanta daga wannan ta faɗa waccan. Amma wadda ta fi ta da hankalin 'yan kasuwa ita ce mai garkuwa da takardu, watau ta kulle kowane fayil, sa'an nan a nemi kuɗin fansa. Manhajar riga-kafi kuwa ita ce mai gadin da ake ɗauka domin ya tsare waɗannan.

Mai kwamfuta ɗaya a gida ba shi da wata wahalar zaɓe, gama Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da nasu mai gadi, Microsoft Defender, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma mai kwamfutoci ashirin sha'aninsa dabam ne. Abin da ya kamata ya fara tambaya ba wace manhaja ce ta fi suna ba, a'a, wa zai san halin da kowace kwamfuta take ciki kowace safiya? Saboda haka lalle ne ya nemi irin wadda aka yi domin ma'aikatu, mai allon kulawa guda ɗaya, inda mutum ɗaya zai duba ya ga cewa ta ɗakin ma'aji ta yi mako uku ba a sabunta ta ba, ta sito kuma wani yaro ya kashe gadinta domin ya sa wasa. Ya kuma tabbata manhajar tana hana ma'aikaci kashe ta sai da izini, tana kuma bincika filashi da zarar an soka shi. Tun da kwamfutocin a haɗe suke, ɗayar da aka manta da ita ta isa ta jawo wa sauran.

An ga haka a fili ran 12 ga Mayu, 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke alkawarin ganin marasa lafiya kimanin 19,000. Abin takaici, tun cikin watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin da ke toshe kafar da cutar ta bi. Waɗanda aka kama, yawancinsu ba su sa facin ba ne. Don haka manhajar da ke nuna wa mai kulawa kwamfutocin da ke jiran faci ta fi wadda ba ta yi, ko da ta ɗan fi tsada. Windows 7 kuwa an daina yi mata faci tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adin kulawarta na yau da kullum ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. Babu mai gadin da zai iya tsare gidan da katangarsa ta zube.

Sai maganar yadda mai gadin ke gane ɓarawo. Tsohuwar hanya ita ce a ba shi jerin kamannin cututtukan da aka riga aka sani. Wannan tana da amfani, amma sabuwar cuta ba ta cikin jerin. Hanya ta biyu ita ce lura da hali: in aka ga wata manhaja ta kama kulle fayiloli ɗaruruwa cikin minti ɗaya, sai a tsai da ita, a raba kwamfutar da 'yan'uwanta nan take. Ɗan kasuwa ya tambayi dillali ko kayansa suna yin duka biyun.

Dalilin wannan tambaya ya bayyana cikin watan Yuni na 2017. Cutar NotPetya ta ɓuya cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji da kamfanoni ke aiki da ita a Yukren, watau ta shigo ta ƙofar da kowa ya amince da ita. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci wajen 45,000, hasararsa kuwa ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da rajistar masu izinin shiga duk suka lalace, sai guda ɗaya tak a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, wadda ta tsira domin an ɗauke wuta sa'ad da cutar ke yawo. Da ita aka farfaɗo da sauran. To, ba kowa ne ɗauke wuta zai yi wa wannan rana ba. Wajibi ne a riƙa kwafe muhimman takardu a ajiye a wurin da ba ya haɗe da sauran kwamfutoci, a kuma riƙa gwada mai da su lokaci lokaci.

Shi ma mai gadin yakan yi kuskure. Ran 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai aibi, kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5 suka tsaya cik, har tashin jiragen sama da aikin bankuna suka tsaya a ƙasashe da yawa. Yana da kyau a tambaya ko za a iya sabunta kwamfutoci biyu ko uku tukuna, a ga yadda suka kwana, kafin a saki ga sauran.

Game da inganci, kada a dogara ga bakin mai talla, don ba mai cewa kayansa ba su da kyau. Akwai ma'aikatu masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji suna buga sakamako kyauta, kamar AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya. A duba abu uku a can: yawan abin da manhaja ta kama, da nauyin da take ɗora wa kwamfuta, da yawan ƙararrawar ƙarya. Na ukun nan ana raina shi, alhali mai gadin da ke kama manhajar albashi ranar biya, ma'aikata da kansu za su nemi hanyar kashe shi. Bayan haka a karɓi ta gwaji, a sa ta a kan mafi tsufar kwamfuta a ofis, ba sabuwar manaja ba. Akwai wani ɗan fayil marar cutarwa mai suna EICAR wanda aka yi musamman domin a gwada ko gadi yana farke. Kada kuma a haɗa riga-kafi biyu a kwamfuta ɗaya, gama sukan yi ta karo da juna. Wadda aka sata aka fasa makullinta ana sayarwa arha a kasuwa, sau da yawa ita kanta ce ke ɗauke da cutar.

A Nijeriya akwai kuma nauyin shari'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce in aka sace bayanan mutane ta yadda zai iya cutar da su, tilas mai riƙe da bayanan ya sanar da Hukumar cikin awa 72 daga sa'ad da ya sani. Wanda manhajarsa ba ta ajiye tarihin abin da ya faru ba zai san abin da zai faɗa ba.

Kuɗin lasin yawanci bisa yawan kwamfutoci ake lissafa shi, shekara shekara, kuma da kuɗin waje ake yanke farashin da yawa daga cikinsu, saboda haka yakan tashi in canji ya tashi. In lasin ya ƙare, sabuntawa takan tsaya ko da alamar manhajar tana nan a kan allo. Akawu ya rubuta ranar ƙarewarsa a shafi ɗaya da ranar biyan hayar kanti.