Girman Itacen Fayin da Kewayawar Abincinsa a Gandun Daji

Itacen fayin baƙo ne a ƙasar nan. Irin da aka dasa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna, da Miyango a kan tsaunin Jos, watau Pinus caribaea, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne. Ganyensa siriri ne kamar allura, ana kuwa dasa shi domin katako da yin takarda. Tambayar da ta wajaba a kan kowane malamin daji ita ce, yaushe ne itacen nan ya fi cin ƙasa, ina kuma abin da ya ci yake tafiya?

A shekarun farko ne ya fi ci. Kafin rassan itatuwan su haɗu su rufe sama, kowanensu yana gina ganye da ƙananan saiwoyi, waɗannan kuwa su suka fi bukatar naitirojin da fosfaras. Duk daga ƙasa yake ɗiba, ga ciyawa tana takara da shi. Lalle wannan ne lokacin da kuɗin taki da na noma suke biyan kansu.

Da zarar rassa sun haɗu, sai al'amari ya sauya. Kafin tsohon ganye ya faɗi, itacen yakan janye babban rabo na abincin da ke cikinsa ya mai da ga sabon toho. Wanda ya saura ya zube ƙasa, ya ruɓe, saiwa ta sake ɗauka. Gangar jiki kuwa, duk da nauyinta, abincin da ke cikinta kaɗan ne. Saboda haka gandu yana ƙara katako alhali bukatarsa ga ƙasa ta ragu. Sai dai ganyen fayin yana da wuyar ruɓewa. A ƙasashe masu sanyi yakan taru ya yi kauri ya riƙe naitirojin, har tsofaffin itatuwa su sake jin yunwa. A nan kuwa rani yakan tsai da ruɓewar, tarin ganyen ya zama abincin gobara.

Ranar sara ce ake yin ɓarna. A shekarar 1966 wani masanin daji mai suna Keeves ya bayyana cewa a Kudancin Ostareliya, Pinus radiata da aka dasa a karo na biyu bai kai na farko girma ba. Ƙasar wurin rairayi ce, ma'aikata kuwa sun saba ƙone rassa da ganye bayan sara don share fili, aikin da kan burge mai duba aiki. Ashe jarin shekaru ne yake tashi cikin hayaƙi. Da aka daina ƙonawa, aka farfasa tarkacen aka bar shi a wurin, aka kuma yi maganin ciyawa da sa taki, sai amfanin dashe na baya ya komo har ya zarce na farko.